Jar Darar da Na Baro a Kumasi

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na fito masallaci, "Malam Yakubu, yaya Kumasi?" In na zauna zauren Buba maƙeri da la'asar, "To, ƙaurar tana nan ko an fasa?" Shi kuwa Buba babu ruwansa da ƙasar mutane, tambayarsa ɗaya ce: ina na kai jar darata, hular da duk Ƙofar Dumi ta san ni da ita, wadda yake cewa da ita aka haife ni. Na gaji da ba da labari gutsure-gutsure, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan na rubuta gaba ɗaya. Tambayoyin uku amsarsu guda ce, amma sai kun yi haƙuri mun bi hanya tukuna.

Ga wanda bai san tushen maganar ba, ni malamin asibitin En'e ne, wato na hukumar gargajiya, na tsufa ina wankin gyambo da rabon maganin zazzaɓi, bana na ajiye aiki na koma cin fansho. Ina da taubashi, Sule, ɗan goggona. Tare muka tashi a gida ɗaya, ina ce masa Kan Tulu saboda girman kansa, yana ce mini Dogon Kara. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, kullum ina tuna masa cewa shi bawana ne, shi kuma yana rama wa da duk abin da ya zo bakinsa. Gemunsa bai fito ba ya bi fataken goro, bai sake taka Bauchi ba. Yau shi ne Alhaji Sule, mai masaukin fatake a zangon Kumasi.

Da ya ji zan bar aiki sai saƙo ya fara zuwa ta bakin fatake, wannan na bin wannan: in kwaso iyali in zo in ƙare kwanakina a wurinsa. Ya gina mini sashe. Ƙasar ba ta da sanyi, gwiwoyina za su huta. Na kasa yanke shawara, sai matata Hajo ta raba gardama. Ta ce, "Malam, ba a sayen ƙasa a bakin fatake. Je ka gani da idonka. In ka dawo ka faɗa mini gaskiya, mai daɗi da marar daɗi, sannan mu san inda za mu tsufa." Ta ɗaure mini daddawa da kuka da dambun nama, na kama hanya.

Daga nan zuwa Jos kun san motar, ba sai na ɓata tawada ba. A jirgin ƙasa Allah ya haɗa ni da abokin zama, Saje Bitrus, tsohon soja mutumin ƙasar Lere, zai je Ikko ganin ɗansa. Da na tashi salla shi ke tsare mini kaya, ladansa kuwa ya ɗiba da hannunsa, don kafin mu ƙetare Kwara rabin dambun Hajo ya bi ta maƙogwaronsa. Ban ji haushi ba, mutumin yana da daɗin hira. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya ce, "Malam, ni na zauna ƙasar ruwa lokacin yaƙi. Abu ɗaya zan gaya maka, ka riƙa shanya takalmanka. Sauran kuma kada ka duba itatuwa, ka duba wanda za ka zauna da shi." Na riƙe na takalman, na biyun ya bi ta bayan kunnena.

Ikko ba ta burge ni ba, gumi kawai na yi ta yi kamar mai sassabe. Na sauka wurin wani fatoma Bakano mai saukar da baƙi, ya sa ni a ɗaki da masu shanu, waɗanda munsharinsu ya fi na shanun. Da safe ya kai ni na ga teku. Na tambaye shi ina ƙetarensa, ya yi mini dariya har da riƙe ciki, ya sa ni a motar Ankara.

A kan iyaka na fara jin kunya. Muna shiga ƙasar da Faransa ke mulki sai na ga direba ya bar hannunsa ya koma wancan gefen titi, ga wata mota tana tahowa. Na miƙe na kwarara salati, na ce, "Jama'a, direba ya yi barci!" Motar ta ɗauka da dariya. Wata Bayarabiya da ke kusa da ni ta ja rigata ta zaunar da ni, ta ce cikin Hausarta, "Baba, zauna. Nan Faransi, haka suna tafiya." Ashe su ta dama suke bi. Daga nan har muka rabu, in mota ta yi ɗan gargada sai wani ya ce, "Baba, ko a ta da direba?"

Sai kuma jandarma mai binciken kaya. Ya kwance ƙullin Hajo, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya yana toshe hanci yana zuba Faransanci. Ya kira Baturensu. Bature ya tsokane ta da tsinken alƙalami yana tambaya ko wani abu ne ya mutu. Na yi bayani da Hausa, na yi da ɗan Turancin asibiti, babu wanda ya ci. Da na ga za su zubar, sai na gutsura na jefa a baki na tauna a gabansu. Bature ya dube ni da tausayi, ya yi alama da hannu in ɗauki kayana in tafi. Allah ya saka wa Bayarabiyar nan, ita ta ba ni lemo na kashe ɗanɗanon.

Bayan mun sake ƙetare wata iyakar muka shiga ƙasar da muka sani da Gwalkwas, wadda yanzu suka ce a ce mata Gana, don ba su daɗe da karɓar mulkin kansu ba. Ko yaron mota in ya ji daga Nijeriya kake sai ya ce, "Ku yaushe?" Na ce muna hanya. Jirgin fito ya ɗauke mu har da motar ya haye wani babban kogi, muka kwana Ankara, muka nufi Kumasi ta cikin kurmi. Itatuwan sun rufe sama ruf, har na kasa gane ko azahar ta yi. Ni dai ban damu ba, ina ta gyara maganar da zan tari Sule da ita. Tun daga Jos na shirya ta: "Kan Tulu, ashe har yanzu wuyan nan yana ɗauke da shi?"

Da aka nuna mini gidan sai jikina ya yi sanyi. Bene ne, ga huhunan goro jibge har ƙofa, ga takalma reras a bakin zaure. Na leƙa. Mutane cike, kowa a durƙushe, a ƙurya wani dattijo mai farin gemu da rawani yana kan kujera, ana ta "Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya." Ya ɗago ya gan ni. Ya yunƙura zai tashi, hannuwansa a buɗe, bakinsa ya fara shirin dariya.

Ku da kuka san aikin En'e kun san abin da yake koya wa gwiwar mutum. In ta ga rawani ba ta shawara da mai ita. Na tuɓe takalma, na zube, na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, Alhaji, mun same ku lafiya?"

Ya tsaya a yadda yake, bai miƙe ba bai zauna ba. Sannan ya sauke hannuwansa ya koma kujera. Ya ce, "Lafiya lau, Malam Yakubu. Sannu da hanya. A kai baƙo masauki."

Masauki kam ban taɓa ganin irinsa ba. Ɗaki biyu da rufin kwano, daɓen siminti, famfo a tsakar gida, fitilar lantarki da ake kunnawa da yatsa. Ga asibiti nan kusa, na je na leƙa irin na ɗan sana'a, na ga magungunan da mu sai dai mu ji sunansu. Ayaba da lemo da gwanda sai ka ce ba a sayensu. Gwiwoyina kuwa, waɗanda a nan in sanyi ya shigo sai Hajo ta gasa su kafin in iya ruku'u, suka saki kamar na saurayi. Wannan gaskiya ce, kuma na gode wa Allah da ya nuna mini ita.

Amma na yi wa Hajo alkawarin marar daɗi ma. Ruwa ba ya sallama, ba ya ban kwana. Har gargaɗin Saje na takalman ma na manta, na tura takalman fatana ƙarƙashin gado, da na jawo su sai na tarar sun yi hunhuna fari fat. Jar darata ma kullum sai na kakkaɓe ta na kai rana, in an samu ranar. Sauro nasu ba ya jiran magariba. Babban abin da ya dame ni shi ne nono. Ƙasar ba ta riƙe shanu, fura sai da ruwa ko madarar gwangwani. Na tuna matan Fulanin da ke sallama a ƙofarmu da hantsi, na ji kamar in yi kuka a kan ƙwarya.

Abinci kuwa sun iya ƙoƙari. Koko da ƙosai da wake da shinkafa duk suna nan, 'yan zango ba su yar da su ba. Akwai wani dunƙulen masara mai tsami a cikin ganye, suna ce masa dokunu, da kifi da barkono ake ci, na saba da shi har ina nema. Sakwararsu ta rogo da ayaba ce, ba a taunawa, haɗiya ake yi. Ni na tauna, yaran gida suka yi ta leƙe suna ƙunshe dariya. Ranar da na tsamo dodon koɗi a miyar wani maƙwabci, na ajiye shi gefe cikin ladabi, na ce likita ya hana ni.

Mutanen ƙasar, Tonawa, mutanen kirki ne masu fara'a. Namiji ya yafa zane ɗaya ya bar kafaɗa waje, in zai gai da babba sai ya sauke zanen, yadda mu muke tuɓe takalmi. Makokinsu ne ya ɗaure mini kai. Ranar Asabar za ka ga gari ya yi ja da baƙi, ga kiɗa ga rawa, na ɗauka biki ne har na ce Allah ya sa alheri, aka ce mini ai mutuwa aka yi. Mu mu binne kafin rana ta juya mu zauna shiru, su su tara dangi su raka nasu da ganga. Kowa da yadda yake kuka.

Duk wannan yawo wani bafatake ne ke kai ni. Alhaji kuwa sai gaisuwa. In na shiga zaure in durƙusa, ya ce, "Malam Yakubu, an tashi lafiya? Akwai abin da ake bukata?" In ce babu. Ya aiko da riga, ya aiko da kaji, amma bai taɓa cewa in zo mu ci tare ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ce a raina dukiya ta canja shi, ya kira ni ne don a ce ya riƙe dangi. Na ƙulla cewa gida zan koma, in gaya wa Hajo ƙasa ta yi, mutum bai yi ba.

Na je in sanar da uwargidansa, Hajiya Adiza. Batoniya ce da ta musulunta, ƙatuwar mace mai faɗar magana yadda take. Tana tsakar gida tana gyaran kifi. Da ta ji ni sai ta ajiye wuƙa ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Kai ne Dogon Kara ɗin?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "To ni ban gani ba. Tun da aka ce kana hanya mutumin nan bai bar mu mun huta ba. Wai wani zai zo daga Bauchi wanda zai zage shi a gaban kowa, mu shirya kunne. Yana faɗa yana dariya shi kaɗai kamar yaro. Tun da na aure shi ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Alhaji. Masu durƙuso yana da su har sun yi masa yawa. Ka taso tun daga Bauchi ka zo ka ƙara masa ɗaya. Ranar da ka iso ko tuwo bai ci ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Hajiya, na ga mutane ne, na ce kada in zubar masa da girma."

Ta ɗauki wuƙarta ta ce, "Girman ne ya ishe shi."

Washegari da hantsi zaure ya cika. Wani saurayi Batone ya shigo da rakiya, ya sauke zane ya yi gaisuwa. Aka ce manomin da Alhaji ke sayen goro a wurinsa ne ya rasu, wannan shi ne magajinsa. Na ce, "Allah ya ba da haƙuri, babban ɗansa ke nan?" Alhaji ya amsa ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Ɗan ƙanwarsa ne. A al'adarsu ɗan mace shi ke gadon kawunsa."

Na ce a raina in ban shiga ta wannan ƙofa ba babu wata. Na miƙe tsaye, na gyara zaman darata, na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

Na ce, "Af! Yanzu na gane. Kan Tulu, ashe abin da ya kawo ka ke nan! Ka duba duniya kaf ka nemo ƙasar da bawa ke cin gadon ubangidansa, ka zo ka naɗe wannan uban kai da rawani don kada a gane ka. Turmi nawa ya ci kafin ya zagayo?"

Wani ƙaton yaron gida ya miƙe yana naɗe hannun riga. Na dubi Alhaji, na ga kansa a sunkuye, kafaɗunsa suna rawa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda na sani tun muna satar mangwaro.

Ya ce, "Dogon Kara! La'ananne! Sai yau ka iso? Ku ƙyale shi, ɗan kawuna ne, yunwar Bauchi ce ta koro shi. Ku dube shi, in iska ta taso sai an ɗaure shi a turke. Kuma ka ji da kyau, nan ba Bauchi ba ce. A nan ni ne magajin ubanka, har hular kanka tawa ce!"

Ya taso ya rungume ni. Mutane suka ga Alhaji na dariya su ma suka kama, amma ni da ke jikinsa na san lokacin da dariyar ta ƙare, hawayen kuwa ba su tsaya ba. Nawa ma ba su tsaya ba. Ranar a akushi ɗaya muka ci, Hajiya ta yi miyar kuka da daddawar da jandarma ya so zubarwa. Sule ya ce tun barinsa gida bai ci miya ba sai ranar.

Sauran kwanakina a can su ne mafi daɗi da na yi tun ina yaro. Kullum bayan la'asar mu zauna a barandar bene, ya yi ta tambaya. Ina wane? Ya rasu. Wance fa? Ta rasu. Rijiyar bayan gidanmu? Tana nan, har yanzu da ɗan gishiri-gishirinta. Na ce masa ya zo mu koma gida mana. Ya janye riga ya nuna mini ƙafafunsa, na ga kumburin, kuma aikin da na yi ya sa na san ba ƙafafun doguwar tafiya ba ne. Ya ce, "Ko da lafiya, 'ya'yana da jikokina nan suka sani. Ba abin da na rasa, Yakubu. Sai dai duk wanda ya san ni ba rawani, ko yana ƙasa ko yana Bauchi."

Ban ɓoye masa komai ba. Na lissafa masa ruwa da sauro da hunhuna da rashin nono, da 'yata da ke aure a nan da jikokina, da kabarin iyayena, da zauren Buba. Ya ce, "Duk gaskiya ne, ba ni da abin da zan musa." Bai roƙe ni ba ko sau ɗaya, kuma na gode masa da wannan.

Ranar tafiya ya matsa sai ya raka ni tasha, ana riƙe da shi. Na shiga mota na leƙo ta taga don mu yi sallama. Ban ankara ba sai na ji iska a tsakar kaina. Ya fizge darar ya cusa a aljihun babbar riga. Ya ce, "Gadona ne. Mai so ya zo ya karɓa." Mota ta tashi, ina zaginsa yana zagina, fataken da suka rako shi sun saki baki. Haka na ratso ƙasashen nan da ɗan rawanin da na saya a Ankara.

A hanya na yi ta auna abin. Duk yadda na juya shi, dalilan zama gida sun fi yawa, ga su nan birjik. Na can kuwa, in ka cire famfo da lantarki da gwiwa, waɗanda duk zan iya rayuwa ba su, saura ɗaya tak, tsoho mai kumburarrun ƙafafu a kan baranda.

Na zayyana wa Hajo duka, mai daɗi da marar daɗi, yadda na yi alkawari. Ta saurara har na gama, tana tsinke zogale. Ta tambayi nisan kasuwa, ta tambaya ko Hajiya Adiza tana da faɗa, na ce tana da shi, ta ce madalla, za su shirya. Sannan ta ce, "Kai a nan masu zaginka sun yi maka yawa. Buba kaɗai ya ishi unguwa. Shi kuwa bawan Allah ba shi da kowa sai kai. Gidan nan ba gudu zai yi ba, yara su zauna a ciki. In Allah ya ja kwana mu dawo, in bai ja ba, can ma ƙasarsa ce."

To, kun ji yadda Kumasi take, kun kuma ji inda maganar ƙaura ta kwana. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Saje da Bayarabiya da Hajiya Adiza, na kuma gode muku da kuka hana ni sakat har na rubuta abin da bakina ya kasa faɗa a zaure. Buba, darata tana aljihun Kan Tulu. Da an gama kaka zan je in karɓo ta, kuma kada ka ajiye mini wurin zamana, ka ba wani. Hajo ta riga ta sa a daka mata daddawa mai yawa.